Ƙyallen da Na Ɗora wa Laifi

Wannan babin shi na fi jinkirtawa a cikin duk abin da nake rubuta muku. Sau uku ina fara shi ina yage takardar, in koma in rubuta abu mai sauƙi, kamar zuwana Sakkwato koyon sana'a ko yadda aka gina gidan nan. To yanzu idanuna sun fara gajiya, kuma ban san kwanakin da Allah Ya rage mini ba, don haka zan faɗe shi yadda ya faru.

Kun tashi kuna jin cewa kakanku na wajen uwa, Baba Ladan, an karɓe ladanci daga hannunsa ne saboda ya ƙona na'urar lasifikar masallacin garinsu da rashin sani. Ke Safiya, kina yarinya na taɓa jin kina ba ƙannenki labarin a tsakar gida kuna dariya, wai kaka ya lulluɓe akwatin lasifika kamar jinjiri har ya shaƙe. Ina zaune a bakin ƙofa ina cin tuwo, na ji da kunnena, na ci gaba da cin tuwona. Labarin nan ƙarya ne. Ni na ƙaga shi, a gaban mutane, da rana tsaka, da azumi a bakina.

A shekarar ina da rumfar gyaran rediyo a Tambuwal, kusa da tasha, a bakin hanyar Sakkwato. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma Allah Ya ba ni hannu, har daga Sanyinna ana kawo mini rediyo da kaset. Wannan ya sa kaina ya kumbura. Ban tsaya ga gyara ba, na fara haɗa kayana da kaina ina jera su a gaban rumfa don masu wucewa su gani. Shekarar aurenmu da mahaifiyarku ta uku ke nan, tana goyon yayanku. Garinsu kun san shi, a ƙasar Kebbe, gaba da Fakku kaɗan. Mahaifinta ya fi shekara talatin yana kiran salla a masallacin garin, kuma shi ne mai jan baƙi idan Liman yana tafsiri. Murya ta fara yi masa rauni, mutanen bayan gari sun fara cewa ba sa jin kiran asuba. Sai wani ɗan garin mai fataucin hatsi, Alhaji Mudi, ya sayo amfilifaya da lasifika biyu da ƙaramin janareta, ya ce ya ba masallaci kafin azumi. Matsalar ita ce amfilifayar irin ta mota ce, bolt goma sha biyu take ci, janareta kuwa wutar gida yake bayarwa. Ana bukatar akwati a tsakani da zai sauko da wutar ya daidaita ta. Alhaji ya so a kai aikin Sakkwato. Baba Ladan ne, mutumin da bai taɓa roƙon kowa komai ba, ya bi ta bakin Liman ya ce akwai mijin ɗiyarsa a Tambuwal, a gwada shi. Da bakinsa aka ba ni aikin.

Dole in ɗan bayyana muku abin da ke cikin irin wannan akwati, in ba haka ba ba za ku gane girman laifina ba. Akwai taransifoma da ke rage wutar. Bayanta akwai wani ɗan abu baƙi mai ƙafa uku, bai kai ƙwayar dabino ba, muna ce masa ragulaita. Aikinsa ya karɓi wutar da ta fi yawa ya saki goma sha biyu cif, ba ƙari ba ragi. To rarar da ya riƙe ba ta ɓacewa, zafi take zama a jikinsa. In ka ba shi sha biyar, uku yake ƙonawa, ya yi ɗumi kawai. In ka ba shi ashirin da huɗu, sha biyu yake ƙonawa, wato daidai da abin da yake bayarwa, kuma iya yawan abin da amfilifaya ke ja iya zafinsa. Shi ya sa ake ɗaure shi a jikin faffaɗan alminiyam mai haƙarƙari da zai sha zafin ya watsa wa iska, a shafa wani farin mai a tsakaninsu don su haɗu sosai, a kuma huda akwatin ƙasa da sama don iska ta ratsa. Maigidana da ya koya mini aiki a Sakkwato ba ya barin a rufe akwati sai ya ɗora yatsa a kan alminiyam ya ƙirga goma. Yakan ce mana:

"In yatsanka bai iya zama ba, shi ma bai iyawa. Kai ka ɗauke hannu, shi ina za shi?"

Na san wannan duka. Ba jahilci ya kai ni ba.

Taransifomar da ta dace sai an je Sakkwato, ko in zauna kwana biyu ina warware waya. Ina da wata da na cire daga tsohon kaset, mai ba da ashirin da huɗu. Na ce ai ragulaita zai ji da ita. Sannan na sa kafinta ya yi mini akwati na katako mai kyau, aka manna masa fomeka mai ruwan goro, na sa ɗan jan ƙwan fitila a gaba da ke kamawa in an kunna. Da na zo saka alminiyam, sai ya fi akwatin tsawo. Maimakon in sa a sake akwati, na ɗauki zarto na yanke shi, na bar abin da bai kai tafin hannun yaro ba. Farin man ya ƙare mini, na ɗaure a bushe. Huji kuwa na ƙi yi, don ina ganin zai ɓata fomeka, na gaya wa kaina wai kyankyasai za su shiga. So nake in an ajiye akwatin nan a masallacin surukaina a ce kamar daga kanti ya fito. Na gwada shi da hantsi, na kunna kaset kamar na minti biyar, murya ta fito tangaran. Na buɗe murfi na ɗora yatsa. Ban kai ƙirga uku ba na fizge hannu. Na sa yatsan a baki, na duba hagu da dama ba kowa, na mayar da murfin na ɗaure sukurori.

A gida mahaifiyarku tana nata aikin. A lokacin duk unguwarmu ba wadda ta kai ta iya kwarashi, ita ke yi wa amare rufin rediyo da na kwanon sha. Ta samo koren yadi, ta yi kwana huɗu tana saƙa masa baki da zaren ulu ruwan ɗorawa, yayanku na barci a bayanta. Da ta gama ta shimfiɗa shi a kan akwatin ta ja da baya tana kallo.

"Malam, ya yi?"

"Ya yi ƙwarai."

"Ka kai ma Baba. Ka ce ni nay yi, kada ƙura ta ɓata mashi kaya."

Na kai. Ranar da aka ɗaura lasifika a kan masallaci, Baba Ladan ya riƙe makirufo da hannu biyu kamar an ba shi ƙwai, ya kira la'asar. Muryarsa ta kai har fadama, masu ban ruwan albasa suka ɗago kai. Mata na leƙowa ta kan darni. Da ya gama na ga yana share ido da bakin rawani. Liman ya miƙa masa makullin ɗan ɗakin da aka ajiye kayan, ya ce shi ne mai kula da su. Ni kuwa ina durƙushe can gefe ba takalmi, kamar yadda ya kamaci suruki, mutane na ta sa mini albarka. Alhaji Mudi ya shafa fomeka ya ce ko a Legas sai haka. Na koma Tambuwal a kan babur ina jin kamar ba ƙasa nake takawa ba.

Azumin shekarar cikin bazara ya faɗo, irin zafin da ko ƙadangare ba ya hawa bango da azahar. Kiran salla ba ya wuce 'yan mintoci, don haka akwatin ya riƙa kai shi lafiya. Amma tafsiri ana fara shi bayan azahar a kai kusan la'asar, a ɗaki mai rufin kwano. Ranar farko, ana cikin karatu, murya ta ɗauke. Aka yi ta taɓe-taɓe, can ta dawo da kanta, jim kaɗan ta sake ɗaukewa. Irin wannan ragulaita haka aka yi shi, in zafi ya kai masa iyaka yakan kashe kansa har ya huce. Haka aka yi rana ta biyu da ta uku. Rana ta huɗu Alhaji ya gayyato baƙi daga Kebbe, abokan kasuwancinsa, su zo su ga abin da ya yi wa garinsu. A gabansu murya ta ɗauke, ta ƙi dawowa, ɗakin ya cika da ƙaurin ƙonannen roba. Washegari da safe aka turo mai babur ya ɗauko ni.

Na tarar da su a inuwar bishiyar bedi a ƙofar masallaci: Liman, Alhaji Mudi, dattawa kamar goma, Baba Ladan a gefen tabarma da carbi. Aka fito da akwatin aka ajiye a tsakiya, koren ƙyallen na kansa. Tun a hanya na san abin da ya faru, ba na bukatar mitar awon wuta. Alhaji bai bari na gama gaisuwa ba.

"Kai mai gyara, ni nac ce a kai Sakkwato, anka ce kai gwani ne. Jiya ka kunyata ni gaban baƙina. Aikinka ne bai da kyau, ko mi?"

Na hango labarin yana isa tashar Tambuwal kafin ni, na hango rumfata ba kowa. Idona ya sauka kan ƙyallen. Ban shirya ba, wallahi ban kwana da niyyar ba, amma kuma ba wanda ya tilasta ni. Na ɗaga shi da yatsa biyu na ce:

"Wa yal lulluɓe shi da wanga?"

Sai Baba Ladan ya ce, idonsa na kan tabarma:

"Ni ne."

"To ai shi ke nan. Kayan wuta numfashi sukai. In anka rufe su cikin zafin ga, dole su ƙone."

Maganar tana da kamar gaskiya, shi ya sa ta shiga. Akwatin da ke da huji in an rufe shi lalle zai shaƙe. Nawa ba shi da huji ko ɗaya, da ƙyalle da babu duk ɗaya ne a wurinsa. Kuma ni na kawo ƙyallen da hannuna, ni na ga an shimfiɗa shi ranar farko ban hana ba. Ba wanda ya tuna da wannan, ko kuma wanda ya tuna ya yi shiru. Alhaji ya juya kan tsohon.

"Haba Malam! Kayan zamani ba tulun ruwa ba ne da aka rufewa da faifai. In ba ku iya ba ku tambaya mana."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na jira Baba ya ce wani abu. Da ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ina jin da na rushe. Bai ɗago ba. A wurinmu suruki ba ya haɗa ido da mijin ɗiyarsa, balle ya yi jayayya da shi a bainar jama'a. Na san haka sarai, kuma a bayan wannan kunyar tasa na ɓuya. Ya ci gaba da jan carbi, ya ce:

"Allah Shi ba da haƙuri. Ban sani ba."

Nan take Alhaji ya ce shi ba zai sake zuba kayansa a hannun da ba a iya ba, ƙanensa Malam Sani ya zauna birni, ya san kan na'ura, a ba shi makulli. Liman ya yi ƙoƙarin sassautawa, ya ce dama Malam ya tsufa, ya kamata ya huta. To wanda ke riƙe da makulli shi ke riƙe da makirufo. Baba ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, ya ninke ƙyallen gida huɗu ya sa a hammata, ya yi sallama ya tafi. Daga ranar bai sake kiran salla a masallacin ba, bai kuma sake jan baƙi ba.

Abin da na yi bayan nan ya fi na farko muni, don shi da natsuwa na yi shi. Na ce zan tafi da akwatin in canza abin da ya ƙone. Na rufe rumfa kwana biyu, na yi aikin da ya kamata in yi tun farko. Na kwance taransifoma na riƙa warware wayar tagulla ina aunawa har ta sauko sha biyar da ɗan ɗori. Na je wurin masu ƙera tukwane na samo alminiyam mai kauri, na yanka, na lanƙwasa masa haƙarƙari, na ɗaura shi a bayan akwatin ta waje inda iska za ta buge shi. Na aika direba ya sayo mini farin man daga Sakkwato. Na huda ƙasan akwatin da saman bayansa, na yi masa ƙafafu na roba don ya ɗaga daga ƙasa. Duk a baya da ƙasa na yi su, inda in an jingina shi da bango ba mai gani. Na kunna shi tun azahar har la'asar, na ɗora yatsa na ƙirga goma, na ƙirga ashirin, ɗumi kawai. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba. Na mayar, na ce wa Malam Sani a gaban mutane kada a kuskura a rufe shi da komai. Akwatin nan ya fi shekara goma yana aiki bai ɗauke ko sau ɗaya ba, kuma kowace rana da ya yi lafiya shaida ce a kan kakanku. Mutane na cewa, ka gani, tun da aka karɓe daga hannun tsoho shi ke nan.

Bayan salla da kwana biyu aka aiko wa mahaifiyarku ƙyallen daga gida, a ninke, ba saƙo. Labari ya riga ya iso mata. Na shigo na same ta zaune bakin gado da shi a cinya.

"Malam, gaskiya ne ƙyallena yaƙ ƙona shi?"

Ga ƙofa Allah Ya buɗe mini, a cikin ɗakina, ba Alhaji ba dattawa. Na ce:

"Ba ki sani ba ne, Hajo. Ƙaddara ce. Ki bar tunawa."

"Ni nas sa anka tuɓe Baba ke nan."

Na yi shiru, shirun kuma ta ɗauke shi amsa. Ta tashi ta buɗe adaka, ta sa ƙyallen a can ƙasa, ta haɗa da kwarashinta da sauran ulu. Amare suka yi ta aikowa tana cewa idonta ke ciwo. Ku duka kun tashi ba ku taɓa ganin uwarku da kwarashi a hannu ba, kuna tsammanin ba ta iya ba ne.

Shekara tara ina zuwa garin nan gaisuwa. Baba ya koma sahun baya kusa da ƙofa. Yakan riga kowa zuwa ya share masallaci, ya cika butoci. In Malam Sani ya fara kira a lasifika sai in ga leɓen tsohon na motsi, yana binsa a hankali, wani lokaci ma yana riga shi. Ni kuwa in durƙusa in gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, ya tambayi yara, ya sa a ɗaura mini gero a bayan babur. Ko sau ɗaya bai canza mini ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

A shekara ta tara ya kwanta ciwo. Muka je da mahaifiyarku. Da hantsi ya ce kowa ya fita, a bar shi da mai gyara, haka yake kirana. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya juya fuskarsa ga bango, don ko a lokacin bai yarda ya yi mini magana ido da ido ba. Muryar ta zama kamar ta yaro.

"Mai gyara, akwai maganar da nika son in aje kafin in tafi. Ranar farko da abin ga yaɗ ɗauke, na taɓa shi naj ji zafi. Nac ce ko ƙyallen ne. Rana ta biyu da ta ukku ban rufe shi ba, tsirara nib bar shi. Bai hana shi ɗaukewa ba."

Na ce, "Baba, to ranar da niz zo ai da ƙyallen bisa."

"Baƙi za su zo daga Kebbe. Ina son su ga aikin ɗiyata."

Ya yi tari, ya huta, ya ci gaba.

"Kuma har yanzu ni ka sharar ɗakin kayan. Na ga ramukkan da kah huda daga baya, da ƙarfen da kal liƙa. Ban yi boko ba, amma na san ba a yi ma lafiyayye tsaga."

Na kifa goshina a ƙasa ina kuka kamar ba magidanci ba. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa a ranar, a gaban Alhaji.

"In tashi gaban mutane in ƙaryata mijin ɗiyata? Ni nak kawo ka. In sunanka ya ɓaci, wa za shi kawo maka rediyo, mi za ta ci ita da yaro? Ni na yi kirana shekara talatin, Wanda nika kira dominai Ya ji. Ni dai na yafe maka, duniya da lahira. Amma ita ba ta sani ba. Tana nan tana ɗauke da abin da ba nata ba. Ban gaya mata ba don ba ni shiga tsakaninku. Kai za ka gaya mata."

Na ce, "Zan gaya mata, Baba. Yau ɗin ga."

Ban gaya mata a ranar ba, na ce sai hankalinta ya kwanta. Bayan wata biyu ya rasu, na ce sai an share makoki. Aka share, tana da ciki, na ce sai ta haihu. Ta haihu, na ce yanzu kuma me zai gyara, sai dai ya tayar da abin da ya kwanta. Mutumin da na zalunta ya yafe mini ya roƙe ni abu ɗaya tak a kan gadon mutuwarsa, na riƙe shi shekara ashirin da huɗu. A cikinsu na je Makka, na yi limancin sallar unguwa in liman ba ya nan, na yi wa masu koyon aiki faɗa a kan rufe akwati ba huji. Sana'ar ma ta canza, yanzu wani ɗan abu kamar akwatin ashana ke yin aikin ba tare da ya yi zafi ba, masallacin garin kuma hasken rana yake amfani da shi. Komai ya wuce ban da wannan.

Bara azumi ya zagayo ya sake faɗowa cikin bazara, kamar waccan shekarar. Wata rana bayan la'asar ina kwance a rumfar tsakar gida, jikarmu Hajara, takwarar kakarta, ta dawo da kwarashi da ulu, wai an ce su koyo saƙa a makaranta. Ta ce kaka ta nuna mata. Na ji mahaifiyarku ta ce:

"Kai wa maƙwabta, takwara. Hannuna ba shi da albarka ga wanga abu. Saƙata ta ƙarshe ubana tac ci."

Tana faɗa tana tankaɗe, ba kuka ba komai, kamar mai faɗin ranar kasuwa. Shekara talatin da uku, kuma har yanzu a bakinta yake. Na tashi zaune na ce wa yarinyar ta je waje. Na faɗa mata duka, tun daga yatsan da na sa a baki har maganar mahaifinta da fuskarsa a bango. Ban rage komai ba. Ta ajiye rariya.

"Baba ya sani?"

"Ya sani."

"Kuma yac ce ka gaya man."

"Ya ce."

"Yaushe?"

Na faɗa mata. Ta ƙirga da yatsu, ta kai ƙarshen hannu biyu ta sake, ta bari. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta ɗauki rariya ta ƙarasa tankaɗenta, aka sha ruwa a kan lokaci. Kwana tara tana kawo mini abinci ta ajiye, ta gaishe ni in gaishe ta, ba ƙari. Rana ta goma ta ce in shirya ranar Juma'a in tafi garinsu, in faɗa a lasifika, a inda na faɗi ta farko.

Na je. Na roƙi limamin yanzu, jikan wancan, ya ba ni makirufo bayan an sallame. Na miƙe a gaban masallaci cike, na ce ni ne wane mai gyara daga Tambuwal, Malam Ladan bai ƙona na'ura ba, aikina ne ya ƙone, na yi masa ƙarya. Liman na da ya rasu, Alhaji Mudi ya rasu, Malam Sani ya rasu. Matasa na kallona suna jiran in gama su fita. Na ji wani a sahun gaba yana tambayar na kusa da shi, "Wane ladan?" Tsoho ɗaya ne ya tsaya ya kama hannuna a bakin ƙofa, ya ce ya tuna ranar, yana cikin waɗanda suka yi dariya. Da na yi maganar nan a lokacinta da ta mayar wa mutum makullinsa. Na kai ta lokacin da ba ta da wanda za ta mayar wa komai.

Da na dawo na tarar da koren ƙyallen a kan teburin aikina, a shimfiɗe, har yanzu da sawun ninki huɗu, ulun ya koɗe. Na ɗauka zan kai mata, ta ce daga bakin madafa:

"Bar shi nan, Malam. Ni na gama ɗaukar shi."

Yana nan har yau, a kansa nake rubuta muku wannan. Ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban ga ina da bakin tambaya ba. Ku dai ku sani, kakanku bai ƙona komai ba, uwarku ma haka. Safiya, ke kika fi kowa iya ba da labari a gidan nan. Ki tara ƙannenki da 'ya'yanku ki sake ba su shi, ki sa sunana a inda kika saba sa nasa.